Yadda na karɓi tsohon sistem ɗin wata makaranta na gyara shi ba tare da na rushe shi ba

Kwanakin baya wani ƙanina a sana'a, yaron da ya yi kusan shekara biyu a hannuna yana koyon aiki, ya kira ni da daddare wai Oga an ba ni sistem ɗin wani asibiti in gyara, na buɗe kod ɗin, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da shi, na ga kamar wayoyin NEPA a fal ɗin bakin kasuwa, ba ka san wacce ta shiga ina ba, ni dai kawai goge shi zan yi in sake rubuta sabo da Laravel, wani tsarin zamani na gina shafukan intanet. Na ce masa kar ka taɓa komai tukuna, gobe ka zo mu zauna. Abin da na ba shi labari washegari shi ne zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne yake shiga wannan ruɗanin, ni ma na shiga kuma na sha wuya.

Ni a kafen intanet na fara wajen 2008, muna cike wa yara fom ɗin JAMB muna buɗe musu imel, idan babu kwastoma sai in buɗe shafi in duba kod ɗin da ke bayansa in kwafa in canza kala in ga me zai faru. Daga nan na shiga Joomla, na koma WordPress, manhajoji ne na haɗa shafin intanet, sannan na zauna na koyi PHP, yaren da ake rubuta kod da shi, da MySQL, rumbun ajiye bayanai, sosai. Shekarun farko ba abin da nake so kamar a ce ga sabon aiki gina mana daga tushe. Sai da na daɗe na gane yawancin aikin da ke ciyar da mai wannan sana'ar riƙon abin da wani ya gina ne, abin da mutane suke amfani da shi kullum kuma ba za su iya tsayawa su jira ka ba.

A watan Yulin 2023 wani mai makarantar kuɗi a nan Kano ya aiko a kira ni. Makaranta ce mai firamare da sakandare, ɗalibai sun haura 1,000, kuma komai nasu yana cikin wani sistem da aka rubuta musu tun wajen 2013, rajistar ɗalibai, kuɗin makaranta, rasit, sakamakon jarrabawa, har saƙon tes da ake tura wa iyaye. Da na shiga ofishinsa bayan mun gaisa sai ya miƙo min waya ya ce Injiniya karanta min wannan, kamfanin da suke ajiye musu shafin ne suka turo cewa za su cire PHP 5.6 daga sabar tasu, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, kowa ya koma sabon zubi. Na ce ranka ya daɗe ai sun ma yi haƙuri, domin PHP 5.6 tun ƙarshen Disambar 2018 masu shi suka daina toshe masa ɓaraka, shi ma 7.4 da ya zo bayansa an rufe nasa a Nuwamban 2022. Ya ce to nawa ne gyaran, kuma kafin a dawo daga dogon hutu yake so. A nan ne na yi abin da da can ba na yi, na ce ba zan iya faɗar kuɗi ba sai na ga ciki, ya biya ni kuɗin bincike na sati biyu daban, in kawo masa rahoto a rubuce, in ya ga dama ya ba ni aikin in ya ga dama ya ba wani. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce shi bai taɓa jin ana biyan kuɗin dubawa ba, na ce Alhaji ko likita ai sai an yi gwaji yake rubuta magani. Ya yi dariya ya amince.

Matsala ta farko ba ta kod ba ce ma sam. Na ce a ba ni makullan shiga, sai aka kawo min faswod ɗin admin na cikin sistem kawai. Na ce ina na cPanel, wato inda ake sarrafa sabar, ina na wajen da aka yi rajistar domen, wato adireshin shafin a intanet, kowa ya yi shiru. Ashe wanda ya gina musu tun farko da imel ɗinsa na kansa ya yi rajistar komai, su dai duk shekara tura masa kuɗi suke ya sabunta, kuma ya bar garin, lambar da suke da ita ba ta shiga. Domen ɗin .com.ng ne, irin waɗannan suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, amma ta hannun kamfanonin da aka ba lasisi ake saye, to sai na rubuta wa kamfanin. Suka ce in kawo wasiƙa a kan takardar makaranta mai tambari da sa hannun mai ita, da kwafin satifiket ɗin CAC, da katin shaidar wanda ya sa hannu, da shaidar biyan kuɗin da aka yi a baya. Satifiket ɗin CAC kaɗai sai da muka kwana uku ana nema, a ƙarshe a gidan Alhaji aka samo shi cikin wata jaka. Muka tura muka zauna jira, kullum da safe in duba imel ba komai. Ana cikin haka wani malamin lissafi ya tuna yana da lambar yayan mutumin, aka bi ta nan aka same shi. Kuma wallahi mutumin kirki ne, ba riƙe musu ya yi da wata manufa ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa ne kawai. A daren ya turo komai, muka mayar da rajistar kan imel ɗin makaranta. Kwana 11 suka tafi a wannan kaɗai ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma hankalina bai kwanta ba ko kaɗan saboda ina ganin hutu yana ta gudu.

Da na samu shiga, abin da na fara yi shi ne kwashe kwafin komai, fayiloli da databes, wato rumbun da bayanan ke ciki. Na gwada saukewa ta phpMyAdmin, shafin da ake buɗe databes da shi, ya yanke a tsakiya har sau biyu saboda girma da kuma netwok, sai na roƙi a buɗe min SSH, hanyar shiga saba kai tsaye, na yi da umarnin kwashe databes mai suna mysqldump. Na ajiye kwafi uku, ɗaya a had disk da na bar wa makaranta a cikin sef ɗinsu, ɗaya a wajena, ɗaya a intanet. Sannan na ɗauki kwafin na tayar da shi a wata kwamfuta daban don in tabbatar yana tashi, domin na taɓa ganin wanda ya shekara yana ajiye bakof, wato kwafin ajiya, ranar da ya buƙata ya buɗe ya tarar fayil ɗin fanko ne. Wani abu kuma, a watan Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, kuma ko ba doka ma bai dace in riƙa yawo da sunayen 'ya'yan mutane da lambobin iyayensu a laftof ba, don haka kwafin da nake gwaji da shi na canza lambobin waya duka na sa na bogi. Wannan ya kuma hana saƙon gwaji ya tafi wayar wani uba bisa kuskure.

Bayan nan na zuba kod ɗin cikin Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi, yadda na same shi, ban gyara ko waƙafi ba, don duk abin da na canza daga baya a san ni na canza kuma a iya komawa. Cikin folda akwai fayil ɗin biyan kuɗi har kala huɗu, na asali, da mai old, da mai new, da mai new2, ba ka san wanne ke aiki ba sai ka bi sawu. Ba na zagin wanda ya rubuta, a lokacin haka yawancinmu muke yi, ta FTP, hanyar tura fayil, muke gyara kai tsaye a kan saba muna addu'a.

Abin da ya fi amfanata a sati biyun nan shi ne zaman da na yi a ofishin akanta. Wata Hajiya ce, ta fi shekara goma a wajen, na ce Hajiya don Allah ki yi aikinki kamar ba na nan ni kallo kawai zan yi. Na ga tana danna maɓallin rasit sau ɗaya sai ta ɗauke hannu ta ƙirga a ranta, na tambaye ta, ta ce Malam idan ka danna sau biyu kuɗin sau biyu yake shiga. Na ga tana da wani littafi mai bangon kwali da take rubuta duk wanda ya biya rabi, saboda sistem ɗin wani lokacin yana rubuta rasit amma bai rage bashin ba idan netwok ya yanke. Da na koma na duba sai na ga teburan databes ɗin irin da ake kira MyISAM ne, ba sa iya haɗa rubutu biyu su zama ko duka su shiga ko duka su fasa, sai an mayar da su irin InnoDB mai iya hakan. Wannan ba zan taɓa ganinsa da karanta kod kawai ba cikin sati biyu, littafin Hajiya ne ya nuna min.

Na kai wa Alhaji rahoto shafi huɗu da Hausa da Turanci, na raba abubuwan gida uku, wanda dole a yi kafin a dawo hutu, wanda zai iya jira zuwa zango na biyu, da wanda sha'awa ce kawai. Ya ce shi wani ya gaya masa gara a yi sabo gaba ɗaya mai kyau irin na zamani. Na ce ranka ya daɗe sabon zai yi kyau a ido, amma wannan tsohon shekara goma yana haɗiye dokokin makarantarka ɗaya bayan ɗaya, waɗanda kai kanka ka manta ka faɗe su, in muka rushe sai mun sake gano su ta hanyar kuskure a kan iyayen yara. Muka rubuta yarjejeniya shafi biyu, kashi 40 kafin a fara, 40 ranar da aka koma sabuwar saba, 20 bayan an fitar da sakamakon zangon farko lafiya. Na sa a ciki cewa kuɗin saba da na data da man janareta daban ne, kuma na gode Allah da na sa, don lokacin an cire tallafin mai tun ƙarshen Mayu lita ta haye naira 500, naira kuma ta faɗi, sabar gwajin da na kama da dala ake biya, katin naira kuma a lokacin ba ya wucewa a waje sai da na bi ta hannun wani abokina mai asusun dala.

Aikin kansa ban yi tsalle daga PHP 5.6 zuwa PHP 8 kai tsaye ba, na fara tsayawa a 7.4. Babban aikin a nan shi ne duk inda aka kira databes da tsofaffin umarnin nan masu farawa da mysql_, waɗanda aka cire tun PHP 7.0 a 2015, kuma suna warwatse a ɗaruruwan wurare. Na mayar da su PDO, sabuwar hanyar kiran databes, ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina toshe ƙofar da aka bari a buɗe, domin abin da mutum ya rubuta a akwatin shiga kai tsaye ake liƙa shi cikin tambayar databes, duk yaron da ya kalli bidiyo biyu a YouTube zai iya shiga ya canza makinsa. Faswod kuma da md5 aka ajiye su, tsohuwar hanyar ɓoyewa ce mai rauni, ban tilasta wa kowa ya canza ba, na sa duk wanda ya shiga da tsohon nasa sistem ya sake ajiye shi da hanya mai ƙarfi ta password_hash a ɓoye. Sati uku ina wannan, aiki ne mai gajiyarwa ba wani abin burgewa, wani lokacin in tashi daga kan kujera bayan la'asar idona yana yaji.

Sai maganar sunaye. A sabuwar saba na buɗe jerin ɗalibai sai na ga Baƙo ya koma BaÆ™o, Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, alamar naira ma ta zama wasu tarkace uku. Dalili shi ne teburan suna kan tsarin haruffa na latin1 ne, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, amma shekara da shekaru ana cusa masa rubutun UTF-8, tsarin da ya san su, tsohon sistem yana shigarwa a karkace yana fitarwa a karkace sai abin ya fito daidai. Idan ka ce kawai a canza teburin zuwa utf8mb4, wato UTF-8 na MySQL, kai tsaye, tarkacen ne za su zauna daram. Sai ka fara mayar da ginshiƙin sunayen zuwa binary, wato ɗanyen bayani, sannan ka mayar da shi utf8mb4. Na yi a kwafi sau uku kafin in yarda, kuma abin ya taɓa ni, don sunan yaro ne da zai fito a takardar da zai ajiye har girmansa.

Gwajin da na dogara da shi mai sauƙi ne. Na fitar da sakamakon bara na kowane aji daga tsohon sistem, na fitar daga sabon, na sa kwamfuta ta gwada su layi da layi. A 7.4 komai ya yi daidai. Da na hau PHP 8 sai na ga matsayin yara ya canza a aji shida, na uku ya koma na biyar, kuma babu wani saƙon kuskure ko ɗaya. Kwana biyu ina nema. Ashe malamai idan yaro bai zauna jarrabawa ba ABS, wato bai zo ba, suke rubutawa a gurbin maki, kod ɗin kuma yana cewa idan maki daidai yake da 0 a tsallake shi wajen lissafi. A tsohon PHP idan ka gwada kalma da 0 yana cewa daidai ne, a PHP 8 da ya fito a Nuwamban 2020 an canza wannan. Ba don gwajin nan ba da sai ranar ba da sakamako za mu ji daga bakin iyaye.

Muka koma sabuwar saba daren Juma'a bayan isha, saura kwana tara a dawo. Tun kwana biyu kafin nan na rage lokacin DNS, tsarin da ke nuna wa masu shiga sabar da domen yake, don canjin ya yi saurin bazuwa, na rubuta a takarda matakin da zan bi in koma tsohon idan abu ya ɓaci, na bar tsohon a kunne amma ba a iya rubutu a cikinsa. Wajen ƙarfe biyu na dare komai ya tashi, na sa takardar tsaro ta Let's Encrypt wadda take sabunta kanta kafin wa'adinta ya ƙare, na gyara agogon saba ya koma lokacin Najeriya don rasit yana fitowa da bambancin awa ɗaya. Na kwanta ina jin daɗi.

Ranar Talatar makon da aka dawo Hajiya ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ji ba, ta ce Malam kana ina, ka zo yanzu. Na je na tarar da wata mata zaune a ofis da hijabi ruwan toka, ta riƙe ƙaramar waya a hannu biyu, ta nuna min saƙon da ya shigo mata cewa ana bin 'ya'yanta biyu kuɗin zango. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma tun lokacin ba a taɓa tambayarta ko sisi ba, ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba, ta zo ta ji ne ko an janye alfarmar don ta san yadda za ta yi da yaran. Jikina ya yi sanyi don nan take na gane. A cikin fayil ɗin kuɗi akwai wani layi da ke cewa duk lambar ɗalibin da ta ƙare da harafin M a mayar da kuɗinsa 0, ba bayani ba komai, ni kuma na ɗauka ragowar gwaji ne na cire. M ɗin nan marayu ne. Mahaifin Alhaji ne ya yi wasiyya da a riƙa karantar da su kyauta, yara 23 ne a lokacin, kuma duk gidajensu saƙon ya je. Gwajina na sakamako ne, ban yi irinsa a kan kuɗi ba, kuma na zauna sati guda kusa da Hajiya ban tambaye ta layin ba. Na ba matar haƙuri na ce Baba kuskurena ne ba na makaranta ba, ba a janye komai ba. Na mayar da layin daga Git cikin minti kaɗan, amma kiran gidajen ni da Hajiya muka yi shi ɗaya bayan ɗaya har magariba. Na je na faɗa wa Alhaji da bakina kafin ya ji a wani wajen, ya yi shiru sannan ya ce to Allah ya kiyaye gaba, ka gyara yadda ba zai sake faruwa ba. Daga baya na yi wa abin gurbi na musamman a fom ɗin rajista, akwatin da za a danna a rubuta dalili da wanda ya amince, ya daina zama ɓoyayyen harafi.

Tun daga ranar duk layin da ban gane ba, ba na cire shi sai na tambayi mutum biyu a cikin masu amfani da sistem ɗin, domin ruwa ba ya tsami banza, wani ne ya zo da wata buƙata wata rana aka rubuta shi. Kuma gwajin tsoho da sabo yanzu a kan komai nake yi, musamman kuɗi, in fitar da bashin kowane ɗalibi a ɓangare biyu in gwada kafin in bari saƙo ko ɗaya ya fita, ranar farko ma kashe tura saƙon nake yi gaba ɗaya sai akanta ta duba jerin da idonta. Makullai kuwa, domen da wajen ajiye shafi da imel, da sunan mai abu nake sa su tun ranar farko ko da ni na biya, in rubuta a takarda a sa a sef, don ni ma wata rana ba za a same ni a waya ba. Sannan ina gaya wa mai aiki tun farko cewa abin nan ba a gama shi, PHP kusan duk ƙarshen shekara sabon zubi yake fitarwa kuma kowanne da wa'adinsa, gara a ware ɗan kuɗi duk wata a riƙa dubawa da a bari shekara goma ta taru. Makarantar sun yarda da haka, duk wata ina shiga in sabunta abin da ya kamata, in tayar da bakof in ga yana aiki, in rubuta abin da na yi a fayil ɗin bayani da na fara ajiyewa don wanda zai zo bayana. Kashi 20 ɗina na ƙarshe sai a Janairu ya fito bayan an raba sakamako. Littafin Hajiya mai bangon kwali kuma har yanzu yana kan teburinta, na ce ta ci gaba da rubutawa zango ɗaya mu gwada da sistem, ta ce ko ban faɗa ba ba za ta daina ba.

Shi kuwa ƙanin nawa ya saurara har ƙarshe, ya ce to Oga yanzu ta ina zan fara, na ce je ka tambaye su da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin. Shekaranjiya ya turo min saƙo a WhatsApp, wai da imel ɗin wani tsohon ma'aikacinsu ne da ya yi ritaya, suna kan neman lambarsa, shi kuma ya nemi izini zai zauna kwana uku a ɗakin kati da kuma wajen masu ba da magani ya ga yadda suke aiki.